Takardar Da Aka Ci Kano Da Ita

A da can, labarin duniya ta ƙofa biyu yake shigowa garinmu Indabo. Ko dai a bakin waɗanda suka ci kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko kuwa ta akwatin rediyon da ake kewayewa a teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Ta wannan ƙofa ta biyu ce, a farkon shekarar 2003, muka ji an ambaci sunan Nijar a cikin rigimar Amurka da Iraƙi. Wai an samu takardu da ke nuna cewa gwamnatin Nijar ta amince ta sayar wa Saddam Husaini ma'adinin yuraniyom don ya haɗa makamin ƙare dangi. Kowa a wurin ya yi tsit. Nijar dai da muka sani, ta Maraɗi da Damagaram, inda da yawanmu ke da dangi da abokan ciniki, ita ce za a kafa hujja da ita a kai wa Bagadaza yaƙi?

Abin da bai faɗo wa kowa a rai ba a daren nan, har da ni, shi ne cewa shekara 100 cif kafin wannan lokaci, a cikin waɗannan watanni na Janairu zuwa Maris, an ci Kano da Sakkwato da yaƙi, kuma a wancan karon ma wata takarda ce aka ɗaga sama aka nuna wa duniya. Wannan takarda nake so mu duba, musamman mu marubuta, tun da sana'armu ke nan, takarda da alƙalami.

Sai mai karatu ya fara sanin yadda ƙasar take a lokacin. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, Turawa sun yi ta raba Afirka a kan taswira tun kafin ƙafarsu ta taka wuraren da suke rabawa. A 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin ciniki na Ingilishi da ke bakin Kwara, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru. A fahimtar Sakkwato, izinin fatauci aka ba baƙi, su kuma suna biyan wani abu duk shekara kamar yadda kowane baƙo mai neman aminci yake yi. A Turai kuwa, kamfanin ya riƙa nuna wannan takarda a matsayin shaidar cewa ƙasar ta shiga hannun Ingila. Da irin wannan hujja aka ja layi tsakanin Ingila da Faransa a 1890, daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Chadi. A ranar 14 ga Yuni, 1898 aka sake gyara layin, aka ɗora tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Ba a shawarci ko mutum ɗaya daga cikin mazauna bakan ba.

To amma fa zane a takarda daban, riƙe ƙasa daban. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, sun kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900, kuma suna kukan cewa hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta cikin hamada inda babu rijiyoyi. Lugga, wanda ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, ya san cewa muddin bai kafa ƙafarsa a Kano da Katsina da Sakkwato ba, Faransa na da abin faɗa. Ga kuma kwamitin shata iyaka na ƙasashen biyu yana shirin fara aiki a 1903. Saboda haka ya yi ta cin sarakuna ɗaya bayan ɗaya: Kwantagora da Bida a farkon 1901, Yola a watan Satumba na shekarar, Bauci a Fabrairun 1902, sa'an nan ya ajiye soja a Zariya. Kano da Sakkwato suka rage.

Matsalarsa ba a nan take ba, a Landan take. Ingila ta fito daga yaƙin Afirka ta Kudu a watan Mayu na 1902 da baƙar wahala da ɗimbin bashi, kuma ofishin da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka ba ya son jin wani sabon yaƙi. Lugga yana bukatar ya nuna cewa ba shi ya nemi faɗa ba, faɗa ne ya neme shi.

Sai ga wasiƙa. Bisa ga rahoton Lugga, wajen watan Mayu na 1902 wata gajeruwar takarda ta iso daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda aka fi sani da Ɗanyen Kasko. Abin da fassararta ta Turanci ta ƙunsa shi ne, Sarkin Musulmi bai yarda ko mutum ɗaya daga cikin Nasara ya zauna a ƙasarsa ba, ba zai taɓa shiri da su ba, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai abin da ke tsakanin Musulmi da kafirai, wato yaƙi. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Jimina, shi aka ce ya fassara ta daga Larabci. Lugga ya riƙe wannan takarda a matsayin shelar yaƙi, ya sa ta a rahotonsa na shekarar 1902, daga nan kuma ta shige littattafan tarihi, har ta iso azuzuwan makarantunmu.

Shekara 60 da 'yan kai bayan haka, wani tsohon jami'in mulki da ya yi aiki a Arewa, D.J.M. Muffett, ya bi diddigin maganar a littafinsa Concerning Brave Captains na 1964. Ya nemi asalin takardar ta Larabci bai samu ba, fassarar kawai ake da ita. Ya kuma lura cewa akwai wata wasiƙar daga Sarkin Musulmin, wadda ta iso kusan lokaci guda, tana amsa maganar Bauci. Ita wannan ta biyun ba ta da laushi, domin ta ce Sakkwato ba ta gayyaci kowa ya zo ya gyara mata ƙasa ba, ba ta neman taimakon kowa sai na Allah, kowa ya riƙe addininsa. Amma babu kalmar yaƙi a cikinta. Ta farkon aka yayata, ta biyun aka bari a can ƙasan fayil. Tun daga lokacin masana suka rabu. Akwai masu ganin an ƙirƙiri takardar ne ko an ƙara mata gishiri wajen fassara. Akwai masu ganin tsohuwar amsa ce ga shelar 1900 aka ajiye sai da ranar amfaninta ta zo. Akwai kuma masu cewa kalamanta sun yi daidai da halin Abdurrahman, mutumin da ba a san shi da sassauci ba, don haka babu dalilin musun ta.

A nan zan ɗan taɓa mu kanmu. Na sha jin ana karanta wannan wasiƙa a taruka da alfahari, ana cewa ga irin amsar da mazan jiya suka ba Bature. Ni ma na taɓa yin haka. Abin da na gane daga baya shi ne, mu da Lugga duk muna son takardar ta zama gaskiya, shi don ta wanke shi, mu don ta ɗaga mu. Takardar da ɓangarori biyu ke so kuwa ba ta cika samun mai tuhumarta ba. Marubucin da zai sa ta a littafinsa, ko na tarihi ko na ƙagaggen labari, ya kamata aƙalla ya gaya wa mai karatu cewa fassara ce ta hannun wanda ke shirin kai yaƙi.

Ko ma yaya ne, wanda aka ce ya rubuta takardar bai ga yaƙin ba. Abdurrahman ya rasu a watan Oktoba na 1902, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. A hankalce, mutuwar mai shela ta isa a sake lale, a aika wa sabon sarki gaisuwa a ji ta bakinsa. Ba a yi ba. Dalili kuwa, a cikin wannan wata na Oktoba wata hujjar ta faɗo, wadda ta fi ta farko zafi. Ranar 3 ga wata, a Keffi, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney a ƙofar fada. Ruwayoyi da dama sun ɗora alhakin abin a kan Audu Timtim, ɗan aiken Razdan kuma tafintansa, wanda aka ce yana faɗa wa kowane ɓangare abin da ɗayan bai faɗa ba, har Magaji ya tabbata kama shi za a yi. Shi ma Audun bai tsira da ransa ba a ranar. Dubi wannan al'amari, mai karatu: mutum biyu masu iko suna fuskantar juna, babu mai jin harshen wani, rayukansu duka suna rataye a leɓen mutum na uku.

Magaji ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga Alu. A lokacin Basasa, wadda ta ɓarke a 1893 bayan Abdurrahman ya naɗa Tukur, a Takai Yusufawa suka yi sansani, a Garko nan maƙwabtanmu Yusufu ya rasu, daga wannan kusurwa kuma Alu ya ɗauki jagoranci ya shiga birni a 1894. Wato sarautarsa da takobi ya same ta, ba da yardar Abdurrahman ba, kuma tsakanin su biyun ba a taɓa yin wani ɗumi ba. Duk da haka, a rahotannin da suka tafi Landan, an nuna Kano da Sakkwato kamar hannu ɗaya mai shirin kai duka. An ce Alu ya fito da runduna zai auka wa sojan Zariya, labarin rasuwar Sarkin Musulmi ne ya mayar da shi. Wasiƙun da aka kwashe a gidan Waziri Buhari bayan an ci Sakkwato, waɗanda H.F. Backwell ya fassara ya buga a 1927, sun nuna wata fuskar. A cikinsu akwai inda Alu yake gaya wa Waziri cewa shi bai ga wata dabara da ta fi a bar ƙasar a yi hijira ba, tun da an kewaye su ta ko'ina. Mai shawarar ƙaura da mai shirin kai hari ba su cika zama mutum ɗaya ba.

Kada a ce na wanke kowa. Cinikin bayi da Lugga ya yi ta ambata gaskiya ne, ana kama mutane, ana sayar da su a kasuwa, kuma wannan tabo ne da babu alƙalamin da zai goge shi. Ƙarfin hujjar Lugga ma daga nan yake. Ya ɗauki gaskiya tsagwaronta, ya haɗa da abin da ake shakka, ya haɗa da ji-ta-ji-ta, ya dama su a ƙwarya ɗaya, wanda ya sha ba zai iya rabewa ba.

Yanzu sai maganar na'ura. In an tambayi ɗalibi me ya ci Kano, zai ce bindiga mai ruwa da igwa, kuma bai yi kuskure ba. Bindigar da Hiram Maxim ya ƙera a 1884 tana aman harsashi wajen 600 a minti guda, yayin da yarjejeniyar da Turawa suka ƙulla a Brussels a 1890 ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani. Amma akwai na'ura ta biyu da ba a cika ambata ba, ita ce wayar tangaraho. Tun 1886 waya ta ƙarƙashin teku ta haɗa Ikko da Turai, daga baya aka ja ta a kan turaku zuwa Jebba da Lakwaja, har Zungeru inda Lugga ya mayar da hedkwatarsa a 1902. Maganar da ya buga da safe tana iya kwana a Landan. Sarkin Kano kuwa, in yana da magana da Sakkwato, sai manzo ya ɗaura sirdi, tafiyar da ayari ke yi a kusan mako biyu.

Ba saurin ne kaɗai abin lura ba. Wayar nan bakinta ɗaya ne a wannan ƙasa, kuma a hannun Lugga yake. Duk abin da Landan ta sani game da Alu, ko Attahiru, ko abin da talakan Kano ke so, ta wannan baki ya bi. Babu wata hanya da Sarkin Kano zai ce wa majalisar Ingila ƙarya ake yi mini. Abin dariya ma, ita kanta gwamnatin Ingila ba ta tsira ba. A farkon Disamba na 1902, a jarida manyan ofishin mulkin mallaka suka karanta labarin kamfanin Reuters cewa ana shirin kai wa Kano yaƙi. Sakataren ofishin, Joseph Chamberlain, yana kan hanyarsa ta zuwa Afirka ta Kudu. Waɗanda ya bari suka yi ta buga waya suna tambaya, Lugga yana amsawa da cewa soja na cikin haɗari a Zariya, kwamitin iyaka na bukatar kariya, jinkiri zai jawo tawaye. Da me za su ƙaryata shi? Suka ba da kai, suna gunaguni.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na ja shi ba. Alu ya bar Kano a farkon Janairu na 1903 da dawakai masu yawa don ya yi mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi. Ranar 29 ga wata Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja baƙar fata 722, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Suka fasa Bebeji, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga birni ta Ƙofar Kabuga, Sarkin Shanu ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Cikin mako biyu masu karanta jarida a Landan sun san Kano ta faɗi. Shi kuwa mai garin a hanyarsa ta dawowa labarin ya riske shi, a ƙasar Zamfara, ya sulale da dare, daga baya aka kama shi aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja inda ya rasu a 1926. Waziri Ahmadu ya ja sauran jama'a ya yi shahada a Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, Wambai Abbas ya komo da waɗanda suka rage, aka naɗa shi sarki a watan Afrilu.

Akwai wata 'yar takarda a tsakiyar wannan hargitsi da take ba ni tausayi duk lokacin da na tuna ta. Daga Kano, Morland ya rubuta wa Attahiru cewa suna tafe. Attahiru ya amsa cikin natsuwa cewa ya aika a kira mashawartansa, in sun taru sun yanke shawara zai rubuto. Ba a jira ba. Ranar 15 ga Maris aka yi karon Giginya, Attahiru ya kama hanyar gabas, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna bin sa, abin da ya ba Turawa mamaki ƙwarai, domin rahotanninsu sun ce talaka jiran mai ceto yake yi. A Burmi, ranar 27 ga Yuli, aka kashe shi, tare da Magajin Keffi. Bayan 'yan shekaru Razdan Cargill, Mai Gunduma, ya fitar da hakimai daga birni zuwa ƙasashensu, Wudil ta zama mazaunin Makama, mu ma muka shiga lissafin haraji na sabon zamani.

Mu koma teburin mai shayi. Takardun Nijar sun ɓulla ne a birnin Rum. A watan Oktoba na 2002 wata 'yar jarida ta mujallar Panorama ta Italiya ta miƙa kwafensu ga ofishin jakadancin Amurka. Suna ɗauke da tambarin Jamhuriyar Nijar, suna maganar tan 500 na yuraniyom. Tun kafin nan, a Fabrairun 2002, Amurka ta aika tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya dawo ya ce da wuya irin wannan ciniki ya yiwu, domin ma'adinan Arlit a lokacin suna ƙarƙashin kulawar kamfanin Faransa, ba a fitar da ko ganga ɗaya a ɓoye. Duk da haka, ranar 28 ga Janairu, 2003 Shugaba Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce gwamnatin Ingila ta gano Saddam ya nemi yuraniyom mai yawa daga Afirka. Hukumomin Nijar sun musanta, amma muryar Yamai ba ta kai inda ta Washington ke kaiwa ba, kamar dai yadda ta Alu ba ta kai Landan ba.

Bambancin da aka samu shi ne, a wannan karon an ga asalin abin da ake magana a kai. Da takardun suka isa hannun Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ma'aikatanta ba su yi wani dogon bincike ba. Da taimakon intanet, cikin 'yan sa'o'i suka gano cewa wata wasiƙa mai kwanan watan Oktoba na 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali mutumin ya bar wannan kujera tun 1989. Wata kuma, wadda aka jingina wa Shugaba Tandja Mamadou, ta kafa hujja da tsarin mulkin da aka daɗe da sokewa. Aikin da ya ɗauki Muffett shekara 60 kafin a fara shi, ga shi an gama shi tsakanin hantsi da la'asar. Ingila dai ta ci gaba da cewa tana da wasu bayanan daban da ba ta nuna wa kowa ba.

Ranar 7 ga Maris, 2003 shugaban hukumar, Muhammad al-Baradai, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun na jabu ne. Mun ji wannan a Indabo, a sashen Hausa, har wasu suka ce to shi ke nan, magana ta ƙare. Bayan kwana 13, ranar Alhamis 20 ga wata, muna fitowa daga sallar asuba mai shayi ya murɗa rediyonsa, muka ji an fara ruwan bama-bamai a Bagadaza.